Katin Saukowa

Ƙarfe biyun dare, daga ni sai almakashi.
Tebur ya cika da ɓarɓashin takarda
kamar an fige farar kaza.
Can ƙasa tashar Valparaíso ba ta barci,
wani jirgi yana kukan ban kwana,
ni kuwa kati na goma sha bakwai nake yankewa.

Wasan na hawa ne, don haka garinmu yake:
gida kan gida, matakala kan matakala.
Wanda ya riga kai kifinsa ƙololuwar tudu
kafin ya yi wari, shi ya ci.
Wata tara ina ƙulla dokoki ina warwarewa.

Shuɗiyar tawada ta ƙare ranar Talata,
teku ya fito da launin toka.
Na ce a bar shi, ai haka yake a watan Yuli.
Kuma wanda zai buga shi a ɗakinsa
ba sai ya jinginar da takalmi don tawada ba.
Shafi shida, baƙi da fari, layin yanka a gefe,
abin da aljihun ƙarshen wata ke iya ɗaukewa.

Lahadi muka gwada, bayan miyar kifi.
Amaro, ɗan ƙanwata, shekara tara, haƙori biyu babu,
ya samu katin Kare ya ƙi yarwa.
Ya riƙe, ya riƙe, hanya ta toshe,
cikin zagaye uku ya haye shi kaɗai.
"Inna Ximena, dokarki ba ta hana ba."
Na duba. Ba ta hana ba.
An ce mai ɗaki ya san inda yake yoyo,
ni dai sai da yaro ya nuna mini ɗigowa.

Babana Heriberto bai ce uffan ba.
Shekara talatin da ɗaya yana jan keken tudu,
akwatin nan mai ƙara da ke hawa kan dogo.
Yanzu hannunsa rawa yake,
kati biyar ba sa zama a tafinsa,
sai ya jera su a bayan kwanon burodi.
Da aka kwashe kwanuka ya kamo hannun rigata:
"Kin sa kowa hawa.
Keke ba ya hawa sai ɗan'uwansa ya sauko,
igiya ɗaya ce ke jan su.
Wa kika bar wa saukowa?"

Daren nan na yaga dokoki huɗu.
Na zana kati guda, keke yana kallon teku,
na rubuta a ƙasansa:
ba ka hawa sai wani ya yarda ya sauka,
wanda ya sauka kuma ya ɗauki sabon kifi.
Na ƙara girman haruffa saboda idon Baba,
na manna su a kwalin taliya
don su yi kaurin da yatsunsa ke iya kamawa.

Na sake shi kyauta, ya shiga duniya.
Sati uku shiru, ko tari babu.
Sai ga hoto daga Oulu, wata Tuulikki,
garin da ban san yadda ake faɗar sunansa ba.
Ta buga shi a bayan takardun kuɗin wuta,
yankan a karkace, Karen ya rasa kunne ɗaya,
hannaye shida kan teburin da ban taɓa gani ba.
Tambayarta ɗaya: in biyu suka so sauka fa?
Ban da amsa. Na ɗauko fensir, na fara gogewa.

Yau ma Lahadi.
Amaro ya maƙale a tsakiyar tudu, kifinsa na tsami,
yana hararar kowa.
Baba ya leƙa bayan kwanon burodi,
ya daɗe yana laluben gefen katin,
ya turo shi tsakiyar tebur da yatsa biyu.
"Hau, yaro," ya ce. "Ni na san hanyar gangarawa."